Romon Hanoi a Zango

Lawali ya dawo daga Biyetnam da akwati guda,
rabinsa wanki, rabinsa labari,
da ƴar kwalba naɗe cikin safa.
Na buɗe, na rufe da sauri.
"Wane kifi ne ya mutu bai sami mai binne shi ba?"
Ya ce, "Yaya Barira, daddawarsu ke nan.
Taki ma ai ba turare ba ce."

Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma.
Ya ce ƙasar doguwa ce siririya,
kamar rawanin da aka warware a bakin teku.
Baƙo ya fara daga kai.
Can arewa duwatsu na tsaye cikin ruwa,
kamar a kwashi duwatsun Birni
a jiƙa su har wuya, ciyawa ta tsiro musu a ka.
An yi wa tsauni matakala,
kowace taka gonar shinkafa.

Na ce, "Bar duwatsu. Me ka ci?"

A Hanoi, in ji shi, tun assalatu ake shan romo
bisa kujerar da ko yaro zai raina.
Ƙashin sa ya kwana yana tafasa,
taliyar shinkafa fara fat, ɗanyen ganye, lemon tsami.
Sunansa fo. Gajeren suna, zurfin kwano.
Suna kaɗa ƙwai a kafe, ya rantse da daɗi.
Ban yarda ba. Har gobe ban yarda ba.

A Huwe barkono ya sa shi hawaye gaban mutane,
shi da ke lashe yajin kilishi a Kasuwar Dole.
Kowane kwano, kafin bismilla,
sai ya miƙa takardar da aka rubuta masa:
ban da alade.
A Hoyi An fitilu na reto kamar ƙwaryar da ta haɗiyi wata,
tela ya auna shi da la'asar, da hantsi ya sa riga.
Na ce wa zai kai wa Tanimun labari,
yadina na wurinsa tun ƙaramar salla.

Kudu kuwa kasuwa bisa kogi take ci.
Mai kabewa ya kafa gora a kwalekwale,
ya rataye kabewa ɗaya a samanta,
ba talla, ba tsawa.
Burodinsu dogo irin namu,
wanda ya bar mana shi ya bar musu.
Ruwa ta gabas, ruwa ta yamma,
ruwa har mutum ya ƙosa da ganinsa.

Nan na yi shiru.
Kwana shida famfonmu na tari, bai tofar ba.

Washegari na tsai da ga-ruwa, jarka biyu,
ɗaya ta gida, ɗaya ta rigima.
Ƙashi daga mahauta, citta, kanumfari,
albasa na gasa a gawayi har ta yi baƙi,
na'ana'a daga lambun Mirriya,
taliya kuwa ƴar murji, abin da hannu ya kai.
Na ɗiga daddawar kifin, na kau da hanci.

Ƙamshi ya haura katanga.
Sai ga Baba Kanta da sandarsa,
tsohon sojan da bai taɓa ba mu labarin Indoshin ba,
shekara casa'in da ɗori, haƙori biyu.
Ya zauna ba a ce ya zauna ba.
Ya kurɓa. Ya daɗe bai haɗiye ba.
Ya faɗi wata kalma da hanci, mai hawa da sauka,
ko sunan gari, ko sunan mace.
Lawali ma bai gane ta ba.

Sannan ya dube ni ya ce,
"Gishiri ya yi yawa. Ƙaro."